Autanmu ya bar shaye-shaye ya kama ganga, Baffa ya ce sai ya ajiye. Ya zan yi?

Yayar Auta, Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri zan ɗan ja zance, in ban faro daga tushe ba ba za ku gane inda gizo ke saƙar ba.

Mu biyar ne wurin Ummanmu, ni ce babba. Abbanmu ya rasu autanmu yana aji biyar na firamare, yanzu shekararsa 16. Ni tela ce, a zauren gidanmu nake ɗinki, saboda haka kusan duk shige da ficensa a kan idona ne. Duk da haka sai da ya yi kusan shekara yana shan abin da yake sha ban farga ba. Na dai ga barci ya yi masa yawa, ido kullum ja, ga robar lemo a hannu wadda ba ya yarda kowa ya kurɓa. Na ɗauka girma ne ke zuwa masa.

Sai kaya suka fara yin ƙafa. Dutsen guga, wayar Umma, tukunyar gas. Ranar da na buɗe zaure da safe na tarar da teburin kekena babu kai, a nan na zauna na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Abba. Da kan keken nan nake ciyar da gidan, har shi ɗin. Daga nan kowa ya sayi kwaɗo. Ɗakin Umma da kwaɗo, akwatina da kwaɗo, har kicin. Yaro ya zama in ya shigo tsakar gida kowa sai ya laluba aljihunsa.

Daren ƙaramar Sallah ta bara waccan aka kwashe shi tare da 'yan shara, 'yan daban nan masu yawo da makami. Shi ba a same shi da makami ba, amma ya kwana biyu a ofishin 'yan sanda, Baffa ne ya je ya sa hannu aka ba da belinsa. Makarantarsu kuma suka sallame shi. Dangi suka ce a kai shi gidan mari. Umma ta ce sai dai bayan ranta, don ba ta manta hotunan da aka nuna a 2019 ba, lokacin da aka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa nan Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Asibiti muka kai shi, muka yi ta zirga-zirga wata huɗu. Alhamdu lillahi ya daina sha. To amma fa ya daina ne kawai, bai dawo ba. Ya zauna a ɗaki kamar an dasa shi, in ka yi masa magana "to" ce kaɗai amsa. Abinci ma sai an ajiye masa an fita.

Muka samu wata makarantar gwamnati ta karɓe shi, ya maimaita aji uku. Suna da ƙungiyar kiɗan fareti, ganguna ƙanana guda shida, babba ɗaya, da begila da kaho kaɗan da duk sun sha faci. Wani tsohon soja ne da ya yi aiki a sashen kiɗa ke zuwa Talata da Alhamis bayan an tashi yana koya musu, yaran na ce masa Saje. Auta ba shiga ya yi ba, horo aka ba shi. Ya makara, aka ce ya kwaso gangunan daga sito ya kai fili. Yana tafe yana ɗan ƙwanƙwasa ɗaya da yatsu, Saje ya ji, ya ce maimaita. Ya maimaita. Ya miƙa masa sanduna biyu ya ce ranar Alhamis kar ya neme shi ya rasa.

Wallahi tun daga nan gidanmu bai huta ba. Filon Umma ya kaɗa, gindin turmi ya kaɗa, teburin yankana ya kaɗa da rula biyu har sai na kore shi. Hannunsa ya yi bororo ya fashe ya yi kanta. Ranar Laraba da dare da kansa yake wanke yunifom ya goge. Ya yi aboki, wani yaro daga Sabon Tasha mai busa kaho, a cocinsu ya koya. Da babbar Sallah yaron nan ya tsallako gada ya zo har gidanmu ya ci nama, Umma ta ƙulla masa cincin ya kai wa mamarsa. Rabon da Auta ya kawo aboki gida da rana tsaka, ta ƙofar gaba, na manta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne makulli. Ƙarshen zangon farko Saje ya ba shi makullin siton kayan kiɗa, shi ke buɗewa shi ke ƙirgawa ya rufe. Ya zo ya roƙe ni ƙyalle, na ɗinka masa igiya, ya rataya a wuya cikin riga. Ko wanka zai yi da shi yake shiga. Ni da na haifar wa gidanmu kwaɗo huɗu saboda shi, ina kallon wani bare ya damƙa masa makulli. Daren nan na cire na kicin, ban faɗa wa kowa ba.

Yanzu ga matsalar. Wani ya gan shi yana kiɗa ranar gasar wasannin makaranta ya kai wa Baffa labari. Baffa ƙanen Abbanmu ne, shi ke biyan kuɗin littattafai da na jarrabawa, kuma ba mugu ba ne, kar wani ya zage shi. Ya zo ya zauna a tabarma ya ce gidanmu ba a gaji roƙo ba, kakanmu limami ne, ba zai zuba ido jikan liman ya zama makaɗi ba, ban da ma hukuncin kiɗa a addini. Ya ba shi zuwa ƙarshen wannan zangon ya mayar da makullin mutane, ya riƙa zuwa shagonsa na kayan gyaran babur bayan makaranta. Auta bai ce uffan ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, irin shigar nan da na sani.

Ga shi an zaɓi makarantarsu cikin masu fareti ranar yara, 27 ga Mayu, shi ne kuma zai ja layin ganguna. Umma ta ce ba za ta iya ja da ƙanen mijinta ba. Ni mace ce, 'yar wansa. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna min. In kuma ni ce son zuciya ya rufe wa ido, ku faɗa min gaskiya.

Mai Keke Ɗan Rigasa:

Yaya sannu da ƙoƙari. Ni ba ilimi gare ni ba amma na zauna a inda ƙanenki ya zauna, shekara shida. Na fara tun maganin tari mai kodin yana arha kana shiga kemis ka saya kamar ruwa, kafin gwamnati ta hana a 2018. Da ya yi tsada muka koma ƙwaya da sholisho.

Bari in faɗa miki abin da mutanen gida ba sa ganewa. Ba daɗin ƙwayar kaɗai ke riƙe yaro a kango ba. A can kana da suna. In ba ka zo ba yau, gobe za a ce jiya ina ka shiga. A gida kuwa in ka shigo shiru ake yi. To ka daina sha, ina za ka je a tambaye ka? Ni sau uku ina dainawa ina komawa, kuma duk komawar tsakanin azahar da magariba ce, lokacin da ba ka da abin yi jiki na ƙaiƙayi. Ni ƙwallo ta cece ni, wani koci a unguwarmu da in na yi fashin atisaye sai ya biyo ni har gida ya tsaya a ƙofa yana kwaɗa min kira.

Saje ɗin nan shi ne kocinsa. Shagon Baffa ba laifi ba ne, amma a shago kuɗi na wucewa ta hannu, kuma yaran da ke tsayawa gyaran babur ba duka ne na kirki ba, na san abin da nake faɗa. Yaron da bai cika shekara biyu da dainawa ba ni dai ba zan ajiye shi gaban aljihun tebur ba. Sannan ki sa ido, tsoffin abokansa za su dawo, ba sa mantuwa. Ranar da kika ga ya bar goge yunifom, ki bincika.

Almajirin Kawo:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri a kan riƙon zumunci, ya ƙara shirya mana shi. Kin ce a faɗa miki gaskiya, to zan faɗa gwargwadon abin da na karanta.

Maganar Baffa a kan addini ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce wurin da aka hana sauraron kayan kiɗa da gangan, kuma mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan hana kayan busa da masu tsirkiya. Sun keɓe bandiri a biki da Idi, saboda hadisin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi Annabi (SAW) ya ce a ƙyale su. Akwai kuma waɗanda suka saɓa. Ibn Hazm ya halatta, Imam Gazali ya yi sauƙi da sharuɗɗa, kuma da yawa daga masu hanin sun cire gangar yaƙi daga ciki. Ko gangar faretin makaranta ta shiga wannan keɓewar, wannan fatawa ce, ba ni zan ba da ita ba. Ku je wurin malamin da Baffa da kansa yake girmamawa, ku faɗa masa labarin duka, har da kangon da belin.

Inda na saɓa da Mai Keke shi ne, kar mu mayar da ganga kamar ita ce ta shiryar da yaron. Allah ne ya shiryar da shi, addu'ar uwa ta kama shi. Kuma akwai wurare da yawa da yaro zai samu 'yan'uwa da tsari da yunifom, ga ƙungiyoyin agaji suna maci, ga Islamiyya da musabaƙa. Ni da zan zaɓa wa ƙanena can zan kai shi. Amma na yarda ba a fizge wa mai koyon tafiya abin da ya dafa sai an ba shi wani. In za a janye shi, a janye a hankali.

Tambaya ɗaya da ba ki taɓo ba, ranar Talata da Alhamis ina yake sallar la'asar?

Yayar Auta, Tudun Wada:

Malam na gode. La'asar a masallacin makaranta suke yi, Saje duk da ba Musulmi ba ne shi ke duba agogo ya ce a ajiye sanda a je a dawo. Islamiyya kuwa mun gwada tun kafin wannan. Sati biyu ya yi, wani takalmi ya ɓata a ƙofa, duk aka juyo aka kalle shi. Daga baya aka ga takalmin, amma shi bai sake komawa ba.

Malama Mai Ritaya, Unguwar Rimi:

Ɗiyata, na karanta sau biyu. Na yi shekara 33 ina koyarwa, goma a ciki ni ce ke kula da ladabtarwa, don haka irin Auta sun wuce ta gabana ba adadi.

Abu biyu Baffanku ya haɗa a baki ɗaya, ku raba masa su. Na addini, bi shawarar Malam na sama. Na roƙo kuma, ina ganin shi ya fi ci masa rai, kuma ya kamata ki fahimce shi kafin ki nemi ya fahimce ki. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kuma kowane kiɗa da ubangidansa. Kalangu na mahauta da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, gangar noma ta gayya, kakaki da algaita da tambari na fada. Makaɗi yana kaɗa wa wani ne, ya wasa shi, a yi masa kyauta. Shi ya sa mutumin zamanin Baffa in ya ji ganga, abin da yake gani shi ne jikan liman a durƙushe gaban mai kuɗi ana liƙa masa naira a goshi. Ba ya ganin yara talatin a layi da fararen safa. Kiɗan fareti daga bariki ya fito, ba a ambaton sunan kowa, ba a miƙa hannu. Mu nan Kaduna garin soja ne, tun muna yara muke zuwa Dandalin Murtala kallon maci, kuma ban taɓa jin an kira sojan da ke busa begila maroƙi ba. Baffa ma ya san haka, sai dai ba a tuna masa ba.

Amma kar in yi miki daɗin baki. Tsoronsa yana da ƙafa. Na taɓa yin wani yaro mai hannu kamar na Auta, har ya fi. Da ya kai aji biyar masu biki suka gano shi, aka fara ɗaukarsa haya ranar Asabar, daga nan sai taron siyasa, ana dawowa ƙarfe biyun dare da kuɗi a aljihu. Abin da ya bari a kango ya same shi a can, har da ƙari. Bai zauna WAEC ba. Gangar makaranta ba ta lalata shi ba, fita da ita waje ne ya yi. Saboda haka in za ku roƙi Baffa, ku je da sharaɗi a hannu tun kafin ya nema. Kiɗa a harabar makaranta da faretin hukuma kawai, babu biki, babu kamfen, babu karɓar ko sisi. Sakamakon jarrabawa in ya faɗi, sanda ta faɗi. Asabar kuma ya je shagon Baffa da safe, don kar dattijo ya ga an watsa masa ƙasa a ido.

Sannan ba ke za ki yi maganar ba. Kina buɗe baki zai ji 'yar da ya yi wa huɗuba tana koya masa tarbiyya. Ina Gwaggonku, yayarsa ko ƙanwarsa? Ina abokinsa na masallaci? Su za ki samu, ki kai musu katin sakamakonsa na bara da na bana su gani da idonsu. In da hali Saje da shugaban makaranta su je har shago su gaishe shi. Dattijo in aka taka aka same shi a wurinsa, rabin fushin ya tafi. Kuma ki ba Gwaggo labarin makullin nan kamar yadda kika ba mu, kar ki rage komai, har da kwaɗon kicin.

Baban Khalifa:

Ni dai ina ganin lallaɓa yara ta yi yawa a zamanin nan. Uba ya yi magana a tsaya ana taro? Mu da aka ce bari, bari ne. Sana'a ta fi masa ganga, ganga ba ta ba da tuwo.

Mai Keke Ɗan Rigasa:

Baban Khalifa, ni ma an ce min bari, da dorina ma. Ka ga bayana. Na bari a gabansu na ci gaba a bayan layin dogo.

Yayar Auta, Tudun Wada:

Jama'a na dawo, ku gafarce ni kwana tara shiru, ɗinkin biki ne ya danne ni.

Na bi shawarar Malama. Na je Unguwar Sanusi wurin Gwaggo, ita ce Baffa ke bi. Na kai mata katin, bara ya zo na 41 cikin 52, bana na 19. Ta ce ita ba ta gane lamba ba, in ba ta labari. Da na zo kan makulli ta ce in tsaya, ta sa na maimaita. Washegari ta sa mayafi ta hau Keke Napep. Ban san me suka tattauna ba, ta dai ce min ta tuna masa wani abu da ya yi yana saurayi wanda kakanmu ya rufa masa asiri, ta ƙi faɗa min ko mene ne.

Ranar Alhamis ina cikin aiki Auta ya shigo da gudu ya ce Yaya, Baffa ya zo makaranta. Wai ya tsaya can gindin dalbejiya da hannu a baya, bai ƙaraso ba, har aka yi zagaye uku. Da aka tafi la'asar ya bi su masallaci, ya tsaya sahu ɗaya da su. Bayan an idar Saje ya je ya gaishe shi da Hausarsa ta bariki, suka yi kusan minti ashirin a tsaye. Auta ya ce shi dai hannunsa rawa yake yi, sau biyu sanda na kuɓuce masa, abin da bai taɓa yi ba.

Da dare Baffa ya zo. Bai ce ya yarda ba. Ya ce a bar shi ya yi na 27 ga wata tunda an riga an sa sunansa kuma ba kyau a kunyata malamai, bayan nan zai je wurin malaminsa ya yi tambaya, abin da aka ce masa shi za a yi. Asabar kuma ƙarfe takwas yana son ganinsa a shago. Ya kuma ce in ya ji an gan shi da ganga a gidan biki ko da sau ɗaya, da hannunsa zai karya sandunan. Auta ya ce to Baffa. Wannan "to" ɗin dai da kai a ɗage ya faɗe ta.

Malam na Kawo, ban san me malamin zai ce ba, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan bi ta bayan fage ba. In an hana, zan dawo ku taya ni neman inda za a sa shi, don ɗaki dai ba zai koma ba in ina numfashi.

Yanzu abin da ke gabana, an ce kowa ya zo da farin kambas da farar safar hannu. Wandon da rigar ni zan ɗinka, na riga na yanka. Safar hannun ce na zagaya Kasuwar Barci jiya ban samu ba sai ta 'yan mata mai leshi. Wanda ya san layin da ake sayar da ta maza, da kambas lamba 43 mai sauƙin kuɗi, ya taimaka ya faɗa min kafin Litinin.